Gyaɗar da ta ƙetare teku sau biyu

Yau mun ɗan jingine labarin da muke bi, saboda wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Tun ina yaro kakata kan ce, "Kai yaro, da ka ga dalar gyaɗa a Kano, da ka san an yi arziki a ƙasar nan." Ni dai ban riski dalar ba, sai a hoto. Da na girma na shiga bin tarihinta, sai na tarar ita kanta gyaɗar baƙuwa ce. Asalinta Kudancin Amurka ne, wajen ƙasashen Bolibiya da Faragwai da arewacin Ajantina na yanzu. Turawan Fotugal ne suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 16. Daga nan ta gangaro har ta zama ƙuli-ƙuli da tunkuza da kunun gyaɗa, kai ka ce da ita aka halicci Bahaushe.

Kakanninmu sun san yadda za su zauna da ita. A karkarar Kano ana shuka ta tsakanin gero da dawa, domin ita da wake suna ƙara wa ƙasa ƙarfi. In an cire, a ba dabbobi harawa, takinsu kuma a mayar gona. Da rani jakuna na fita da shara da toka daga cikin birni zuwa gonaki, su komo da itace da hatsi. Abin da aka ɗauka daga ƙasa yana komawa gare ta, shi ya sa ake noma gona guda shekara da shekaru ba ta mutu ba.

To, can a Turai kuma wani abu na faruwa. A 1869 wani Bafaranshe ya ƙirƙiro majarin, wato man shafa wa burodi mai arha, daga baya masana'antun majarin da na sabulu suka koma neman man tsirrai ruwa a jallo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawan Ingila auduga suke so a noma wa masaƙunsu na Lankasha, amma manomi ya auna, ya ga gyaɗa ta fi kuɗi, ga haraji da za a biya da tsaba, kuma ko ba a saya ba ana iya ci. A 1912 gyaɗa ta cika tashar jirgi har ta rasa wurin zama.

Ba a jima ba aka ga ɗaya fuskar cinikin. Damina ta gaza a 1913, a 1914 aka yi yunwar da ake kira Kakalaba, wadda ta kashe ɗimbin jama'a. Fari ne musabbabi, amma gonar da aka ba gyaɗa ba ta cika rumbu da gero.

Duk da haka ciniki ya ci gaba. Alhassan Ɗantata, wanda ya fara da fataucin goro a Gwanja, ya zama babban mai saye wa kamfanin Turawa, kuma har ya rasu a 1955 da wuya a ambaci dala ba a ambace shi ba. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram ma ta nan take bi zuwa Ikko. A shekarun 1960 babu ƙasar da ta kai Nijeriya fitar da gyaɗa. Sai dai kowane buhu da ya hau jirgin ruwa ya tafi da wani abu na ƙarfin ƙasarmu, kuma wannan ba jakin da zai dawo da shi.

Sannan fari ya sauka daga 1972 zuwa 1974. A 1975 wata cuta mai tsumburar da gyaɗa, wadda ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye ke yaɗawa, ta lalata kimanin hekta 700,000 a Arewa. Kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin hukuma. Dala ta rushe, ba ta sake tashi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne binciken masana yanayi na baya-bayan nan. Da dama daga cikinsu sun nuna cewa hayaƙin masana'antun Turai da Arewacin Amurka ya sanyaya arewacin tekun Atilantika, hakan ya taimaka wajen tura damina kudu, nesa da mu. A da laifin farin kusan duka a kan manomi da makiyayi ake ɗora shi, wai sun sare itatuwa, sun cinye ciyawa. Ashe akwai hannun mutanen da ba su taɓa jin sunan Kakalaba ba.

Yanzu ana ta kiran a dawo da dala, ga kuma riɗi da zoɓo da ake lodawa zuwa ƙasashen waje. Ban ƙi ciniki ba, Bahaushe ɗan fatauci ne tun fil azal. Amma kafin mu yi murna da buhun da ya fita, ya kamata mu tambayi me ya koma gona, da kuma abin da ya rage a rumbu in damina ta saɓa. Kakata dala ta gani, amma uwarta Kakalaba ta gani.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗora daga inda labarinmu ya tsaya.