Daga Tawa zuwa Agadas ta sama: kilomita nawa ne?

Jama'a masu sauraronmu na Tamaske, Keita, Buza da Madawa, da 'yan uwa da ke bakin nema a Abijan, Legas ko Libiya, ga bayani kan nisan da ke tsakanin filin jirgin saman Tawa da na Agadas. Sanin wannan yana da amfani ranar da aka kira mutum ya zo gida da gaggawa, saboda rashin lafiyar mahaifi ko rasuwa.

Filin jirgin da ya fi kusa da mu shi ne na Tawa, kimanin kilomita 50 daga Tamaske. Alamarsa a kan tikiti ita ce THZ. Na Agadas kuwa AJY ne, kuma yana ɗauke da sunan Mano Dayak, jagoran Abzinawa da ya rasu a hatsarin jirgi a watan Disamba na 1995.

Idan aka ja layi miƙaƙƙe tsakanin filayen biyu, nisan kusan kilomita 375 ne. Matuƙan jirgi suna lissafi da mil na teku, wanda kowane ɗaya kilomita 1.852 ne, ke nan a wurinsu wajen mil 200 ne. Jirgi mai farfela yana cinye wannan tafiya cikin kamar awa guda.

To ta ƙasa fa? Hanyar da ta bi ta Abalak, wadda ake kira hanyar uraniyom, kilomita 400 ce da 'yan kai. Bambancin bai da yawa, don hanyar ba ta yi kwana sosai ba. Abin da jirgi ke rage wa matafiyi a nan shi ne lokaci da gajiya.

Ta wajen Yamai lissafin ya bambanta. Daga Tawa zuwa filin Diori Hamani kusan kilomita 370 ne ta sama, wato daidai da na Agadas. Amma mota sai ta gangara kudu zuwa Tsarnawa da Ƙonni, ta bi Dogon Dutsi da Doso, tafiyar ta kai wajen kilomita 550.

Sai dai a kula: kusancin filaye biyu ba ya nufin akwai jirgin da ke haɗa su kai tsaye. In tikitinka ya ce sai an biya ta Yamai, daga can zuwa Agadas akwai wasu kilomita 735. Jimla ta haura 1,100, ninki uku na hanyar miƙe, ban da zaman jira. A irin wannan hali mota tana iya riga ka isa.

Yanayi ma yana da ta cewa. Lokacin hunturu, ƙurar buji takan rufe gari har jirgi ya kasa sauka, a ɗage tafiya.

Don haka kafin ka biya kuɗi, ka tambayi masu sayar da tikiti abu uku: wace rana jirgin ke tashi, ko kai tsaye ne, da kuma kilo nawa na kaya aka yarda ka ɗauka. Ka kuma shirya motar da za ta kawo ka gida daga Tawa tun da sauran rana. Allah ya kai kowa lafiya.