Kanta da Aji: Rikicin Littattafan Yara Masu Labarin Son Jinsi Ɗaya a Amurka

A kasuwar littattafai ta Amurka akwai rukunin da masu ɗab'i suke ware wa 'yan shekara 8 zuwa 12, yaran da suka wuce littattafan hotuna amma ba su kai ga na samari da 'yan mata ba. Tun daga 2015, labaran da taurarinsu yara ne masu jin son jinsinsu, ko masu jin cewa jinsin da aka san su da shi ba nasu ba ne, suka yawaita a wannan rukuni, aka kuma yi ta kai ruwa rana a kansu a hukumomin makarantu da majalisun jihohi da kotuna. A ganina masu gardamar sun cakuɗa tambayoyi biyu da ya kamata a raba: ko littafi zai zauna a kantar laburare, da kuma ko za a karanta wa yaro shi a aji ba da yardar iyayensa ba.

Abin ya faro ne daga littattafan matasa. A 1969 John Donovan ya fitar da I'll Get There. It Better Be Worth the Trip, labarin Davy ɗan shekara 13 wanda, bayan ya shaƙu da abokinsa, mota ta kashe karensa, shi kuma ya ɗauki mutuwar a matsayin alhakin abin da ya yi. Manazarta sun daɗe suna nuna cewa haka littattafan wancan zamani suke: ba a barin tauraro ya tafi sai an ɗanɗana masa wani rashi. Nancy Garden ta kauce wa wannan hanya a 1982 da Annie on My Mind, labarin Liza da Annie, 'yan shekara 17 a New York, wanda ya ƙare da fata. A 1993 aka cinna wa littafin wuta a bainar jama'a a Kansas City. (Mai karatun Hausa ba baƙon irin wannan wuta ba ne, in ya tuna littattafan soyayyar da aka ƙona a Kano a 2007.) Hukumar makarantun garin Olathe ta kwashe littafin Garden daga laburare, ɗalibai da iyaye suka kai ƙara, a 1995 kotun tarayya ta ce a mayar da shi, domin rashin son ra'ayin da ke cikin littafi bai isa hujjar cire shi ba.

Me ke cikin na ƙananan? A Ivy Aberdeen's Letter to the World na Ashley Herring Blake, wanda ya fito a 2018, guguwa ta rushe gidan su Ivy, 'yar shekara 12. Iyalin suka kwana a ɗakin wasannin makaranta tare da sauran waɗanda abin ya shafa, a nan ne kuma littafin zanenta ya ɓace, wanda ta cika da hotunan 'yan mata riƙe da hannun juna. Sai zanen ya riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya a akwatin ajiyarta na makaranta, da 'yar takarda daga wanda ba ta sani ba. Tsoron tonuwar asiri ne yake jan labarin, tare da kishin tagwayen da aka haifa a gidan, waɗanda suka ɗauke hankalin uwa daga kanta. A Hurricane Child na Kacen Callender, shi ma na 2018, Caroline tana hawa kwalekwale kullum daga tsibirin Water zuwa makaranta a St. Thomas, inda 'yan aji da malama suke tsangwamar ta saboda duhun fatarta. Son da take yi wa Kalinda, baƙuwa daga Barbados, zare ɗaya ne kawai a cikin labarin. Babban ciwonta uwar da ta tafi ta bar ta. Wannan ne ya sa na fifita shi a kan tsararrakinsa da dama, waɗanda marubutansu suka ɗora wa tauraro darasi tun shafin farko har labarin ya koma huɗuba.

Duk wanda ya karanta waɗannan zai ga babu batsa a cikinsu. Galibi iyakarsu faɗuwar gaba, da wasiƙa, da riƙe hannu. Saboda haka zargin batsa da ake yawan jefawa a tarukan hukumomin makarantu ba shi da tushe. Amma akwai hujjar da ta fi wannan ƙarfi, kuma masu kare littattafan sukan yi kamar ba su ji ta ba: littattafan suna nuna wa yaro cewa irin wannan so daidai ne, marubutan ma ba su ɓoye wannan niyya ba. Rudine Sims Bishop ta kwatanta littafin yara a 1990 da madubi da taga, yaro ya ga kansa, ya kuma leƙa rayuwar wani. Ga yarinya irin Ivy, da take zaton ita kaɗai ce a duniya, madubin yana iya rage mata kaɗaici. Ga uban da addininsa ya haramta wannan alaƙa, tagar tana buɗewa ne zuwa inda bai yarda ɗansa ya leƙa ba tukuna. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Nan ne rabuwar kanta da aji take da amfani. Littafin da ke kanta sai wanda ya miƙa hannu yake ɗauka, cire shi kuwa yana nufin iyali ɗaya ya yanke wa dukan iyalai hukunci. Aji daban ne: doka ta tilasta zuwa makaranta, malami yana da kwarjini, ɗan shekara 9 ba zai tashi ya fita ba. Gundumar Montgomery ta jihar Maryland ta sa irin waɗannan littattafai, na hotuna, a darussan firamare a 2022, sannan a 2023 ta janye damar da iyaye suke da ita ta cire 'ya'yansu daga darasin. Iyaye Musulmi da Kirista suka haɗu suka kai ƙara, a watan Yuni 2025 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 6 a kan 3, ta goyi bayansu a shari'ar Mahmoud da Taylor. Ban ga karo tsakanin wannan hukunci da na Olathe ba. Ɗaya ya hana hukuma ɓoye littafi, ɗaya ya hana ta ɗura shi.

Sai dai ba haka lamarin yake tafiya ba a yanzu. Ƙungiyar Laburarori ta Amurka ta ƙirga littattafai 4,240 da aka nemi cirewa a 2023 kaɗai. George na Alex Gino, wanda daga baya aka sauya wa suna zuwa Melissa, shi ne kan gaba a jerin waɗanda aka fi kai wa ƙorafi daga 2018 zuwa 2020, alhali labarin yaro ne ɗan aji huɗu mai jin kansa yarinya, mai burin fitowa a matsayin gizo-gizo a wasan kwaikwayon makaranta. A watan Mayu 2025 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta biyar, a shari'ar gundumar Llano ta Texas, ta yanke cewa masu zuwa laburare ba su da hurumin ƙalubalantar cire littafi da sunan 'yancin samun bayani. A jihohin Texas da Louisiana da Mississippi, waɗanda ke ƙarƙashin wannan kotu, kariyar da kanta take da ita tun shari'ar Pico ta 1982, wadda ita ma kan cire littattafai daga laburare ce, ta yi rauni ke nan, a daidai lokacin da ta iyaye a aji ta ƙarfafa.