Gadar Jabba

Buhun gyaɗar da aka auna a Daura zamanin Sarki Abdurrahman ba ya isa Ikko sai ya ƙetare Kwara a Jabba. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, amma kogin nan ya raba ta biyu. A reshensa na kudu, sai a tura taragu cikin jirgin fito, kaɗan-kaɗan, har a gama.

Kwara kuwa sau biyu take cika a shekara. Farin ruwa yakan zo wajen Satumba, duk laka. Baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga duwatsun Gini, ya yi zango a fadamun Mali, sai da hunturu yake isowa, sa'ad da manomi ya manta da hadari. Ashe magina ba su da dogon rani.

Ana tsakiyar Yaƙin Jamus aka buɗe gadar, a 1916, shekarar da Jamusawan Dutsen Mora suka miƙa wuya. Ta kanta sojan Arewa suka gangara Ikko a 1943 da 1944, jirgin ruwa ya kai su Indiya, suka shiga dazuzzukan Bama. Da aka datse kogin a Kainji a 1968, ƙarfin cikarsa ya ragu.