Matsalar Kuɗin Hukumar Gidan Waya ta Nijeriya da Hanyoyin Gyara: Nazari Daga Ƙasar Haɗejiya

Gabatarwa

A 1852 aka buɗe gidan waya na farko a Legas a matsayin reshen babban gidan waya na Landan, Arewa kuma ta samu nata a Lokoja a 1899. Hukumar NIPOST da muka sani yau an kafa ta ne a 1985, lokacin da aka raba tsohuwar ma'aikatar P&T, harkar tarho ta koma hannun NITEL. Dokar soja mai lamba 41 ta 1992 ita ce ta tsara aikinta. NITEL ta daɗe da durƙushewa, ita kuwa NIPOST tana nan, amma da ƙyar take ɗaukar nauyin kanta. Wannan maƙala na kafa hujja da cewa mutuwar wasiƙa ɓangare ɗaya ne kawai na matsalar. Babban ciwon shi ne an ɗora wa hukumar nauyin isa kowane lungu na ƙasa, ba tare da an fayyace wanda zai biya kuɗin wannan hidima ba.

Inda kuɗin ya tsiyaye

Kafin zuwan wayar salula a 2001, ɗan ƙasar Haɗejiya da ke ci-rani a Legas ko Fatakwal ta gidan waya yake aiko wa iyayensa wasiƙa da kuɗin cefane. Ta nan takardar samun gurbin karatu take isowa, ta nan katunan shirin rediyo na Zaɓi Sonka da wasiƙun masu sauraron BBC suke fita. Salula ta kashe wasiƙar gaisuwa, intanet ta ɗauke takardun makarantu, bankuna da masu POS suka karɓe aika kuɗi.

Saura kaya, su ma tasha ta cinye kasuwarsu. Mai son aika kwalin busasshen kifi daga Haɗejiya zuwa Kano tashar mota yake nufa. Ya rubuta suna da lambar wayar mai karɓa a jikin kwalin, ya daidaita da ɗan kamasho, ya biya, sa'an nan ya buga waya ya faɗi lambar direba. Kafin la'asar saƙo ya isa. Babu rasit, babu inshora, in kaya ya ɓace sai dai a kai ƙara wurin shugabannin ƙungiyar direbobi. Duk da haka jama'a sun fi yarda da wannan hanya, domin tana da sauri kuma sun san fuskar wanda suka damƙa wa amanarsu.

Hanyar kuɗi ta uku da ta toshe ita ce harajin kan sarki. Bayan Dokar Kuɗi ta 2019 ta ƙarfafa ikon hukumar tara haraji ta FIRS a kan wannan haraji, hukumomin biyu suka yi ta cacar baki a bainar jama'a cikin 2020. Dokar Kuɗi ta 2020 ta mayar da naira 50 da ake cira a kan tura naira 10,000 ko fiye ta banki wani haraji na daban, wanda ba ya bi ta hannun NIPOST.

Akwai kuma tangarɗa a tsarin hukumar kanta: ita ke ba kamfanonin jigilar saƙo lasisi, ita ce kuma abokiyar gasarsu. A Yulin 2020 ta ƙara kuɗin lasisin, jama'a suka yi caa, har ministan lokacin, Isa Ali Pantami, ya dakatar da ƙarin. Hukumar da ke cikin yunwa za ta riƙa kallon lasisi a matsayin hanyar cike giɓi, hakan kuwa yana kashe ƙananan 'yan kasuwa.

Me ya sa ba za a rufe ba?

Wasu na ganin a sayar da hukumar kawai, kamar yadda Jamus ta fara sayar da hannun jarin Deutsche Post a 2000, Ingila kuma ta yi wa Royal Mail a 2013. Wannan ra'ayi yana da ƙarfi idan Legas da Abuja ake magana. Amma ɗan kasuwa riba yake bi. Kamfanin da zai yi rububin Ikeja ba zai tura babur Bulangu ko Sarawa don ƙunshi biyu ba, balle a damina irin ta 2022, lokacin da ambaliyar kogin Haɗejiya ta yanke hanyoyi ta raba garuruwa da juna a Kafin Hausa da Auyo da maƙwabtansu. Barin abin yadda yake shi ma ba mafita ba ne: gidan wayar Afirka ta Kudu haka ya yi ta tara bashi har kotu ta sanya shi ƙarƙashin shirin ceto a 2023.

Hanyoyin gyara

Na farko, a ƙididdige abin da hidimar karkara take ci a shekara, gwamnati ta biya shi a fili cikin kasafin kuɗi, bisa yarjejeniyar da ta faɗi kwana nawa saƙo zai yi kafin ya isa kowace hedikwatar ƙaramar hukuma. Sauran ayyukan hukumar su ci da kansu ko a bar su.

Na biyu, a cire ikon ba da lasisi daga hannunta a miƙa wa hukuma mai zaman kanta.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, a mayar da gidajen waya wuraren hada-hadar kuɗi. Abin ba baƙo ba ne, domin bankin ajiya na gidan waya ya yi aiki a ƙasar nan tun zamanin Turawa, kafin a mayar da shi Federal Savings Bank a shekarun 1970. Gidan wayar Maroko ya kafa Al Barid Bank a 2010, Indiya kuma ta ƙaddamar da bankin biyan kuɗi na gidan waya a 2018 a kan ofisoshinta fiye da 150,000, galibinsu a ƙauyuka. Binciken ƙungiyar EFInA na 2023 ya nuna kashi 26 cikin ɗari na baligan Nijeriya ba sa mu'amala da kowace irin cibiyar kuɗi, kuma Arewa maso Yamma ce ta fi yawan irinsu. Wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 ta nuna abin da manomin shinkafa da mai riɗi suke sha idan banki ya yi nisa. Gidan waya zai iya biyan fansho da tallafin gwamnati, ya karɓi ajiya, ya yi rajistar katin ɗan ƙasa, a biya shi lada kan kowane aiki.

Na huɗu, a daina gasa da tasha, a haɗa kai da ita. Direbobi suna da motoci da sanin hanya, NIPOST tana da gine-gine da ikon doka. Ta ba da rasit da lambar bin sawu da inshora, su kuma su yi dako. Jami'ar Sule Lamido da aka kafa a Kafin Hausa a 2013 kaɗai kasuwa ce: ɗalibai da malamai kullum suna sayen littattafai da kayayyaki daga nesa.

Kammalawa

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. An kafa wa hukumar rassan kamfanoni na kadarori da na sufuri, amma sauya suna ba ya biyan albashi. Ya rage ga Majalisar Tarayya ta sabunta dokar 1992, ga gwamnatin Jigawa kuma ta fara ba gidajen waya na ƙananan hukumominta 27 ayyukan da za ta biya su. Ma'aunin nasara ɗaya ne: mutumin Kafin Hausa ya aika kaya ko ya karɓi kuɗinsa a garinsu, a kan lokaci, da rasit a hannu.