Wa Ya Tsaya wa Korarren Sarki da Alƙalami?

Wanda ya taso daga Karmo ya nufi Zuba, hanyar da ke kaiwa mafakar wani korarren sarki ya kama. A farkon ƙarni na 19 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Musa ta ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu ya sauka a Zuba. Ɗan'uwansa Abu Ja ne ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yau ake kira Suleja, tun da babban birnin tarayya ya karɓe sunan. Hujjojin waɗanda suka kori irin su Makau sun cika littattafai. Nasu hujjojin fa?

A Ingila ba a sha wahalar wannan tambaya, domin kowane ɓangare ya bar rubutunsa. Tun a 1598 Sarki James, yana kan gadon Sikotilan, ya wallafa cewa Allah kaɗai ke da ikon tuhumar sarki. Ɗansa Charles na ɗaya ya riƙe wannan aƙida har aka gurfanar da shi gaban shari'a, aka sare kansa a Janairun 1649. Ba a jima ba littafin Eikon Basilike ya bazu yana nuna shi a matsayin shahidi, har sabuwar gwamnati ta sa John Milton ya mayar da martani.

A ƙasar Hausa mizanin ya karkata gefe guda. Kitabul Farƙi na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya jero laifuffukan sarakunan Haɓe: jangali, kuɗin gari, gaisuwar da ake kai wa mai mulki, da ƙwace gadon mamaci. Sarakunan nan suna da malaman fada, amma amsarsu ba ta iso mu yadda tuhumar ta iso ba. Kariya mafi ƙarfi daga Borno ta fito, ta bakin Shehu Laminu Alkanemi. Bai musa cewa akwai zalunci da bidi'a ba. Abin da ya kafe a kai shi ne saɓo ba kafirci ba ne, kuma in da zunubi na halatta yaƙar Musulmi, ba ƙasar da za ta tsira, har Masar. Wasiƙunsa kuwa a littafin abokin gardamarsa suka tsira, wato Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, na 1812. Wannan dattako ne da ya kamata a yaba wa Bello, ko da yake wanda ya tsara muhawara shi ke da kalmar ƙarshe.

A ganina, gardamar ba tsakanin masoya sarauta da maƙiyanta take ba. Dukansu sun yarda sarki yana ƙarƙashin dokar Allah. Saɓaninsu a kan wanda zai ɗauki bulala ne idan sarki ya karkace. Shi ya sa matsayin marubuci kan sauya da zarar mulki ya sauya hannu. Milton, wanda ya halatta kashe sarki, shi ne a 1654 yake yabon Cromwell, jagoran sabuwar gwamnatin, wanda ya zama sarki a komai ban da suna. Abdullahi na Gwandu ya hango haka da wuri: ganin yadda 'yan'uwansa suka soma son dawakai da manyan riguna, ya kama hanyar Makka wajen 1807, Kanawa suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami don ya ɗaure sababbin masu mulki da igiyar da aka ɗaure tsofaffi.

Dangin Makau kuwa sai a 1952 aka buga labarinsu daga bakinsu, a tarihin Abuja na Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi, kusan shekara 150 bayan faɗuwar Zariya.