Harshen Karatu Daga Sifawa Zuwa Shagari

Duk matafiyin da ya baro Sakkwato ya ratsa Boɗinga ya nufi Shagari, ko ya sani ko bai sani ba, yana keta ƙasar da malamanta suka riga hukumomin zamani fuskantar mas'alar nan mai wuyar warwara, wato da wane harshe za a karantar da jama'ar da Allah ya sassaɓa harsunanta.

Sa'ad da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa, daga wajen 1810 zuwa 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa yana kusa da shi a Boɗinga, majalisinsu ya tara Fulani da Hausawa da Buzaye, kuma da yake muradinsu shi ne a fahimci addini har a yi aiki da shi, sai suka ba kowane harshe aikinsa: Larabci don wallafa da munazarar malamai, Fulatanci da Hausa cikin ajami don waƙoƙin wa'azi. Daga baya Nana Asma'u ta mayar da wasu waƙoƙin mahaifinta daga Fulatanci zuwa Hausa, jajojinta, wato matan da ta horar don karantarwa, suka kai wa matan ƙauye.

Wannan hikima tana nan a makarantun zaure. Ɗalibi zai durƙusa gaban malaminsa da Ahalari ko Ishmawi, ya ja baƙi gaɓa ɗaya ya dakata, malam ya fassara masa da Hausa, shi kuwa yana amsawa da na'am, har a kai inda malam ya ga ƙarin ya isa na yau. Ta haka Larabcin yake zama a ƙirji tare da ma'anarsa.

Turawa ma, bayan sun ci Sakkwato a 1903, ba su yi wa Hausa karan tsaye ba, ko da yake haruffansu suka ɗora mata, gama makarantar da Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausar boko ta fara, aka kuma saba yin elementare da Hausa, Turanci sai a Midil. Ta wannan tsani Shehu Shagari, wanda aka haifa a 1925, ya hau: elementare a Yabo, Midil a Sakkwato, sannan Kwalejin Kaduna. Da ya zama malamin makaranta, alhali Turanci ya zauna masa a baki, sai ya tsara Waƙar Nijeriya da Hausa, don labarin ƙasa ya shiga kunnen yara ta ƙofar da suka sani.

Manufar ilimi ta Nijeriya ta 1977 ta ajiye shekarun farko na firamare ga harshen uwa ko na yankin, a 2022 aka ce shekaru shida, a Nuwamban 2025 kuma aka soke, aka ce Turanci tun daga tushe. A ganina, yaron Boɗinga da ya wayi gari gaban allo ana yi masa bayanin lissafi da harshen da bai taɓa ji a gidansu ba, hadda kawai zai yi, irin wadda malaman zaure ba su taɓa yarda su kira ta ilimi ba.