Ma'aikaci da Gwamnati a Gaban Shari'a



Dokar da muka gada daga Turawa ta ɗauki ma'aikacin gwamnati tamkar baran Sarkin Ingila, watau yana bisa aikinsa ne muddin Sarki na so. Ran da aka sallame shi, ba shi da bakin tambayar dalili, balle ya kai ƙara.

Ba a ga nauyin wannan gado sosai ba sai a 1975, sa'ad da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata fiye da 10,000 bisa zargin cin hanci, ko lalaci, ko tsufa. Lalle akwai masu laifi a cikinsu, amma da yawa ba a tuhume su ba, ba a kuwa ji ta bakinsu ba. Aikin gwamnati da ake ɗauka inuwa ce ta har tsufa, sai ya zama inuwar giginya.

Kotun Ƙoli ce ta fara juya al'amarin. A shari'ar Shitta-Bey ta 1981, wani lauya na Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya da aka yi wa ritayar dole, kotun ta ce ma'aikacin Nijeriya ba baran kowa ba ne: doka ce ta kafa muƙaminsa, saboda haka ba a raba shi da shi sai ta hanyar da doka ta shimfiɗa. Ta umarta a mai da shi bakin aikinsa. A 1985 ta sake jaddada haka a shari'ar Olaniyan, inda ta mai da farfesoshin da Jami'ar Legas ta kora.

Amma fa mai bindiga bai bar ƙofar a buɗe ba. Dokar Soja ta 17 ta 1984 ta hana kotuna sauraron ƙarar wanda aka sallama a ƙarƙashinta. Ko bayan komowar mulkin farar hula, malamai 49 da Jami'ar Ilori ta kora a 2001 ba su sami hukuncin ƙarshe ba sai a 2009.

Game da nuna bambanci kuwa, sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta shi, ko don ƙabila, ko addini, ko jinsi. A 2023 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta soke ƙa'idar 'yan sanda da ta ce a sallami 'yar sanda marar aure in ta yi ciki, tun da ba a yi wa namiji irin wannan hukunci.

Abin lura shi ne, a shari'ar Shitta-Bey da ta Olaniyan kotu ba ta hana gwamnati korar mai laifi ba. Cewa ta yi a tuhume shi, a saurare shi, sa'an nan a yanke. Ku da za ku riƙa sa hannu a takardun sallama gobe, wannan sharaɗi a wuyanku yake, kuma shi ne zai kāre ku ran da takardar ta zo da sunanku.